Zara Matar Wata da Watannin Mushtari: Tarihin Kallon Sama a Zangunan Akara

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa saita madubin hangen nesa mai ido biyu a kan tauraron Mushtari, wanda Turawa ke kira Jufita, ya san abin da kan biyo baya. Da farko zai ga wani ɗan faifai fari mai haske. Idan hannunsa ya daina rawa, sai ya ga wasu ɗige-ɗige biyu ko uku ko huɗu a gefensa. A nan ne tambaya kan taso: shin waɗannan watannin Mushtari ne da ke kewaya shi, ko kuwa taurari ne na can nesa da suka faɗo a bayansa kawai? Madubin ba ya ba da amsa, domin a cikinsa wata da tauraro kamarsu ɗaya, alhali Hausawa na cewa kama da wane ba wane ba ne.

Wannan takarda ta bibiyi tarihin tambayar ne ta fuskar Hausawan zangunan birnin Akara na ƙasar Gana, musamman Nima da Mamobi. An zaɓi wurin ne saboda al'umma ce da ta ɗauko ilimin sama daga ƙasar Hausa ta kai shi bakin teku, kuma har yau azuminta da sallolinta na idi suna rataye ne a kan duban wata. Abin da takardar ke son nunawa shi ne, ma'aunin da ake rarrabe watan Mushtari da tauraro ba baƙo ba ne ga wannan ilimi. Ma'aunin shi ne tafiya, kuma tafiya ba ta bayyana a kallo ɗaya.

2.0 Zango da Ilimin da Ya Zo da Shi

Fataucin goro ne ya fara kai Hausawa ƙasar Gwanja, inda kasuwar Salaga ta zama matattararsu. Bayan yaƙin Turawan Ingila da Asante na 1873 zuwa 1874, wanda dakarun da ake kira sojojin Hausa suka taka rawa a ciki, da mayar da hedikwatar mulkin mallaka daga Kef Kos zuwa Akara a 1877, da kuma yaƙin basasar Salaga na 1892, sai akalar fatake da malamai ta juya kudu. Garin da tsofaffin fatake ke kira Ankara ya samu zangonsa wajen 1881 a hannun Malam Naino, mutumin Katsina. Ɗansa Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango wajen 1912. Nima kuwa ta baya-bayan nan ce. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya samu filin daga hannun iyalin Odoi Kwao, 'yan ƙabilar Ga. Unguwar ta cika ta batse a lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'ad da sansanin sojojin Amurka da ke kusa ya jawo masu neman aiki, kuma Mamobi ta bunƙasa a gefenta.

Malaman da suka sauka a waɗannan zanguna almajiran makarantun Kano da Katsina da Sakkwato ne, ko almajiran almajiransu. Ilimin taurari yana da tsohon gurbi a waɗancan makarantu. Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar littafin al-Durr al-Manzum a kan taurari da sirrinsu. A watan Maris na 1824 kuma, da Baturen nan Hugh Clapperton ya baje kayan awonsa a gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato, ya rubuta cewa Sarkin ya san dukkan buruji goma sha biyu da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci.

Ginshiƙin wannan ilimi rarrabewa ce guda ɗaya. Akwai taurari tabbatattu, waɗanda ke fitowa su faɗi tare ba tare da ɗayansu ya sauya matsayi a tsakanin 'yan'uwansa ba. Akwai kuma masu tafiya guda bakwai: Rana da Wata da Uɗaridu da Zuhura da Marrihu da Mushtari da Zuhalu. Ba haske ne ya raba rukunin biyu ba, ba kuma girma ba. Malami ya san Mushtari mai tafiya ne domin bana ya gan shi a wannan buruji, baɗi ya gan shi a na gaba, har ya zagaye su duka cikin kusan shekara 12. A kan tabbatattun ne aka gina lissafin taurari 28 na shekara, kowanne da kwana 13 in ban da ɗaya mai kwana 14, jimla kwana 365, bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari.

Sai dai wannan lissafi na manomin ƙasar Hausa ne mai damina ɗaya. Akara tana da damina biyu, babba daga Afrilu zuwa Yuni, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba, kuma mazaunin zango ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci, ba manomi ba. Ke nan lissafin shuka bai da babban aiki a bakin teku. Abin da ya riƙe matsayinsa shi ne jinjirin wata. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin malaman zango ke bi, ba a ɗaukar azumi sai adilai biyu ko jama'a masu yawa sun shaida ganinsa, in ba haka ba a cika talatin. A yau kwamitin duban wata na ƙasa, ƙarƙashin ofishin babban limamin Gana, muƙamin da Shehu Usman Nuhu Sharubutu ya hau a 1993, shi ke tattara shaidar. Abin lura a nan shi ne, al'umma ce da ta saba da cewa ido ɗaya da kallo ɗaya ba su isa hujja ba.

3.0 Auren da Ba Ya Kwana Biyu

Baya ga ilimin malamai akwai na gama-gari, wanda yara ke ji a bakin iyaye mata. Da shi ne aka san Kaza da 'Ya'yanta, wato Surayya, da Gamzaki mai fitowa da asuba, da Zara matar Wata. Zara da Gamzaki abu ɗaya ne, wato Zuhura. Idan tana yamma bayan magariba Zara ce, idan ta koma gabas kafin alfijir ta zama Gamzaki.

Kirarin Zara ya cancanci a tsaya a kansa, domin a cikinsa matsalar wannan takarda take gaba ɗaya. An kira ta matar Wata ne saboda a lokutan da take yamma, jinjirin wata kan tsaya kusa da ita a daren biyu ko uku ga wata, har mai kallo ya ɗauka tare suke. Amma wanda ya dawo washegari a daidai wannan lokaci zai tarar angon ya yi gaba. Wata yana matsawa gabas da kimanin digiri 13 a kowace rana, wato faɗin kansa sau ashirin da 'yan kai, Zara kuwa tana kusa da inda aka bar ta. Tsakaninmu da Wata kimanin kilomita 384,000 ne. Zara ko a lokacin da ta fi matsowa tana da nisan kimanin kilomita miliyan 40. Kusancin nasu na ido ne kurum, kamar mutum biyu da aka hango a layi ɗaya, ɗaya a ƙofar gida ɗaya a bayan gari. Duk yaron da ya lura da haka a tsakar gida a Nima ya riga ya koyi rabin darasin, wato abin da ke tare da wani da gaske ba ya bari a tafi a bar shi.

4.0 Janairun 1610

Sauran rabin darasin sai da madubi ya zo. A daren 7 ga Janairu 1610, Galileo Galilei, malamin lissafi a jami'ar Faduwa ta ƙasar Italiya, ya saita madubin da ya haɗa da hannunsa, mai girmama abu kimanin sau 20, a kan Mushtari. A lokacin Mushtari yana burujin Saura, yankin da Kaza da 'Ya'yanta take. Ya ga ƙananan taurari uku a jere a layi ɗaya da shi, biyu ta gabas, ɗaya ta yamma. Ya ɗauke su taurari tabbatattu, kamar yadda kowa zai ɗauka. Jerin nasu ne kawai ya ba shi sha'awa har ya zana su.

Washegari ya tarar da su ukun duk suna yamma. Wannan ya rikita shi, kuma dalilin rikicewar shi ne zuciyar labarin. A mafi yawan shekara Mushtari gabas yake matsawa a tsakanin tabbatattu, amma yakan yi kamar wata huɗu yana ja da baya zuwa yamma, kuma lissafin masana ya nuna a wannan Janairun baya yake ja. Da taurarin tabbatattu ne, da ya wuce ya bar su ta gabas. To ga su ta yamma. Ko dai lissafin ne ya kuskure, ko kuwa ɗige-ɗigen ne ke motsi. Daren 9 ga wata hadari ya rufe sama. Daren 10 ya ga biyu kawai, kuma duk ta gabas. Zuwa daren 11 ya yanke hukunci cewa ba Mushtari ne ke kai da komo a tsakaninsu ba, su ne ke kewaya shi. Daren 13 ya ga na huɗu. A watan Maris na shekarar ya buga sakamakon a Benis cikin ɗan littafinsa Sidereus Nuncius.

Nauyin abin a wancan zamani ba ƙarami ba ne. Tsarin da malaman Turai da na ƙasashen Musulmi suka gada daga Baɗalamusa ya ɗora duniyarmu a tsakiya, kome na kewaya ta. Ga shi an ga abubuwa huɗu suna kewaya wani abu daban. Galileo ya raɗa musu sunan gidan sarautar Medici don neman tagomashi, amma sunayen da suka zauna su ne waɗanda Bajamushe Simon Marius ya buga a 1614: Iyo da Yurofa da Ganimid da Kalisto.

Kada a ɗauka daga nan an daina kuskure. Shi kansa Galileo, a ƙarshen Disambar 1612 da kuma Janairun 1613, ya zana wani ɗigo kusa da Mushtari ya lissafa shi cikin tabbatattu. Har ya lura kamar ya ɗan gusa daga wani tauraro maƙwabcinsa, amma bai bi sawu ba. Sai a 1980 Charles Kowal da Stillman Drake suka nuna cewa ɗigon duniyar Neftun ce, wadda ba a gano ta ba sai a 1846. Ya riƙe ta a hannu shekara fiye da 230 kafin lokacinta, ya sake ta.

Kuskuren da ya fi daɗewa kuwa a kan Zara aka yi shi. Daga 1645 masana suka fara ba da rahoton cewa sun ga wata yana bin ta. Cikinsu har da Cassini, shugaban ɗakin duban taurari na Faris, a 1672 da 1686, kuma a 1761 rahotannin suka yawaita. A 1887 Paul Stroobant na ƙasar Beljiyam ya bi rahotannin ɗaya bayan ɗaya, ya lissafa inda Zara take a kowane dare, ya nuna cewa da yawansu taurari ne tabbatattu da ta gifta ta gabansu. Zara ba ta da wata ko ɗaya. Wadda Hausawa suka aurar wa Wata, Turawa suka yi fiye da shekara ɗari biyu suna nema mata ɗa.

5.0 Madubi a Saman Nima

Madubi mai ido biyu irin na yau ya fara yaɗuwa ne bayan kamfanin Zeiss na Jamus ya fitar da nasa a 1894. A zamanin mulkin mallaka kayan hafsoshin soja ne da ma'aikatan safiyo da matuƙan jiragen ruwa. Ƙarfinsa bai kai na Galileo ba, amma gilashinsa ya fi tsabta nesa ba kusa ba. Lambobin da ke jikinsa, kamar 7x50 ko 10x50, ta farko tana nuna sau nawa yake girmama abu, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Kowanne daga cikin biyun ya isa, muddin an jingina gwiwar hannu a kan katanga ko an ɗora madubin a kan wani abu tsayayye. Rawar hannu ta fi raunin gilashi ɓata aiki.

Alama ta farko ita ce layi. Watannin huɗu suna kewayawa ne a daidai ƙugun Mushtari, mu kuma daga gefe muke hango su, don haka kullum a jere suke kamar ƙwayoyin carbi a zare ɗaya. Ɗigon da ya kauce wa layin sosai tauraro ne. A nan akwai abin da kan ruɗi mai kallo a Akara. Zane-zanen littattafan Turai sukan nuna layin a kwance, amma Akara tana digiri biyar da rabi ne kawai arewa da tsakiyar duniya, saboda haka idan Mushtari yana fitowa ta gabas ko yana faɗuwa ta yamma, layin kusan a tsaye yake, wasu a samansa wasu a ƙarƙashinsa. Dalilin da ya sa jinjirin wata kan kwanta kamar ƙwarya a wannan yanki ke nan.

Ta biyu ita ce tazara. Kalisto, wanda ya fi nisa, ba ya wuce kimanin sulusin faɗin cikakken wata daga Mushtari, Ganimid kuma bai kai haka ba. Madubin 7x50 yana ɗaukar fili mai faɗin wata wajen goma sha huɗu a jere. Wato iyalin gaba ɗaya a ɗan tsakiyar fili suke cure, kuma duk abin da ke can gefe ba ɗan gida ba ne. Iyo ma sau da yawa hasken Mushtari kan haɗiye shi a ƙaramin madubi. Ganin biyu ko uku maimakon huɗu ba abin mamaki ba ne, domin wani kan shiga gaba ko baya ko cikin inuwa. Ganin biyar kuwa shaida ce cewa akwai baƙo, domin ko da yake watannin Mushtari da aka sani sun haura 90, huɗun nan kaɗai irin wannan madubi ke kamawa.

Waɗannan alamu biyu suna rage shakka ne, ba sa kashe ta, tun da tauraro yana iya faɗowa daidai kan layi kuma a kusa. Ita ma maganar cewa tauraro na ƙiftawa amma wata ba ya yi, ba abin dogaro ba ce a kan ɗigo ƙarami haka. Hujjar da ba ta da ɗaukaka ƙara ita ce ta Galileo, wato takarda da alƙalami da dawowa. Iyo yana kammala zagaye cikin kwana 1 da awa 18, Yurofa kwana 3 da awa 13, Ganimid kwana 7 da awa 4, Kalisto kusan kwana 17. Wanda ya zana abin da ya gani bayan sallar isha, ya sake zanawa kafin asuba, zai ga na kusa sun gusa. Bayan dare uku ko huɗu zai ga watannin sun sauya gefe amma suna nan tare da uban gidansu, tauraron kuwa Mushtari ya wuce ya bar shi, kamar yadda Wata ke barin Zara. Wuri ɗaya ne wannan hujja kan yi jinkiri, wato 'yan kwanakin da Mushtari ke tsayawa cik kafin ya fara ja da baya ko ya koma gaba. A irin wannan lokaci baƙo kan yi mako yana zaune kamar ɗan gida, sai dai shi ba ya sauya gefe.

Saman Nima da Mamobi ba ta da duhun karkara. Fitilun birni sun kewaye ta, hazon hunturu kan rufe ta daga Disamba zuwa Fabrairu, gajimaren bakin teku kuma ya mamaye Yuli da Agusta. Kaza da 'Ya'yanta da ƙyar ake ƙirga 'ya'yanta. Amma ga wannan aiki na musamman hasken birni ba abokin gaba ba ne, domin watannin huɗu suna da hasken da zai ratsa shi, yayin da yake shafe raunanan taurarin da ke jawo ruɗani. Bugu da ƙari, Mushtari kan bi ta kusan tsakar ka a Akara, inda iska ta fi sirara. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da yake fitowa daidai faɗuwar rana, abin da ke faruwa kusan duk bayan wata 13. Haka ta faru ranar 7 ga Disamba 2024, yana cikin burujin Saura, inda Galileo ya same shi.

Sha'awar sama ba ta tsaya ga zango kaɗai ba. Husufin rana cikakke na 29 ga Maris 2006 ya mayar da safiyar Akara dare na 'yan mintoci. A 2009 aka buɗe ɗakin nuna taurari a unguwar Kantonment, ba nisa da Nima, ta ƙoƙarin Dokta Jacob Ashong, sannan a 2017 aka ƙaddamar da na'urar sauraron sama mai faɗin mita 32 a Kuntunse.

6.0 Matsalar Suna

Ga ɗalibin harshe, saura abu guda. Hausa ba ta da kalmar da ta raba tauraro mai hasken kansa da wanda ke aron hasken rana. Zara tauraruwa ce, Mushtari tauraro ne, haka ma kowane ɗigo da ke sama. Kafafen watsa labarai sun warware wannan da aron kalmar duniya, shi ya sa ake jin duniyar Mas da duniyar Jufita, har ma da duniyar wata. Ita kuwa kalmar wata, a asali abu ɗaya tak take nufi a sama, domin babu wanda ya san akwai na biyu. Jam'inta watanni ya keɓanta ne ga lokaci, kamar watannin haihuwa ko watannin damina. Wanda ya ji watannin Mushtari a karon farko yana iya ɗauka wasu watanni ne na shekara da aka jingina wa tauraron. Kalmar tauraron ɗan Adam, da aka ƙirƙira don na'urorin da ke kewaya duniya, ta ƙara dagula lamarin, domin abin da take nufi a aikace wata ne ba tauraro ba.

A Hausar zangunan Gana akwai ƙari. Karin harshen ya yi watsi da bambancin jinsi a nahawu, ta yadda sigar namiji kan ɗauki aikin ta mace. Rabon da daidaitacciyar Hausa ta yi tsakanin tauraro da tauraruwa, wanda wani marubuci zai iya amfani da shi ya ce Mushtari tauraro ne 'yan rakiyarsa taurari mata, ba shi da madafa a bakin yaron Mamobi. A rubuce kuma, wata na sama da wata ta nuni ga mace harafinsu ɗaya, karin sauti da tsawon wasali ne ke raba su, kuma rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya. Jimla kamar an ga wata kusa da Mushtari tana iya nufin Watanmu, ko ɗaya daga cikin huɗun Galileo, ko wata tauraruwa da ta gifta.